Yaƙin Wake da Gyaɗa

Halilu ya sake kaɗa ɗan lidon a cikin kofin shayi, ya kife shi a kan tabarma. Biyu ta fito. Ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya daga bakin layi ya jefa a kwano.

"Wannan ya faɗi," in ji shi. "Mashi ya same shi a cinya."

"Allah shi jiƙan shi," in ji Takama, mai kabu-kabu, yana kwance da gwiwar hannu. "Saura dubu nawa?"

A tsakiyar tabarmar, a ƙofar shagon Badamasi tela da ke bayan tashar Konni, an jera bulo biyu, su ne ganuwar gari. A cikin ganuwar akwai tarin farin wake, mutanen gari ke nan. A waje kuma gyaɗa ce ɓararriya, rundunar Sarkin Ƙaya da ta zo cin garin. Tun makon jiya ake wannan yaƙi, tarin bai nuna ya ragu ba.

Hafiz ne ya kawo musu wasan daga jami'ar Tawa. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ya taso. Sauran kowa da gwarzonsa, ya faɗi abin da zai yi, ɗan lido ya yanke ko ya yi nasara. Gwarzayen marafan kwalba ne, kowa ya san nasa. Da aka tura Hafiz koyarwa a lakwal, makarantar boko ta Tajaye, sai ya bar wa Halilu labarin, don shi ne ba ya manta sunan kowa, ko da na mai sayar da ruwa ne da aka ambata sau ɗaya a bara. Sai dai ya bar masa shi a bakin babban yaƙi, kuma Halilu bai taɓa jan yaƙi ba.

Ya sake kaɗawa. Biyar. Ya ɗauke gyaɗa ɗaya. Takama ya miƙa hannu ya karɓe ta ya jefa a baki.

"Ni dai gawar abokan gaba ta fi min daɗi," in ji shi. "Amma ka ji, Halilu, tun la'asar gwarzona na tsaye bisa ganuwa da baka a hannu, ko kibiya ɗaya ban harba ba. Alkasum da muke wasan tare ya bar zuwa. In yau ba a gama ba, ni ma kartar belot zan koma."

Badamasi ya tsayar da keken ɗinki. Ya girme su duka, kuma shi ke sayen gawayin shayi. Ya ciro wayarsa ya danna.

"Na hwaɗa ma Hafiz halin da muke ciki. Ga abin da ya aiko."

Muryar Hafiz ta fito, ana jin hayaniyar yara a bayansa. "Kai Halilu, wa ya ce maka mutum-mutum ake bi? Ka raba su tari-tari. Jifa ɗaya ga kowane tari. In ta hito ƙasa da huɗu, ka kwashe tarin duka. Gwarzon da mai shi ke zaune, shi ka ba dama shi yi abin shi. Wanda mai shi bai zo ba, rabon tarin da yake ciki shi ne rabon shi. Haka ake yaƙi, in ba haka ba har damina kuna nan."

Halilu ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Ya san dokar tun kafin yau.

A bakin ƙofar garin, tsakanin bulon biyu, akwai wani ɗan tarin wake, da jan marfi a tsakiyarsa, gefensa ya ɗan lotse. Na yayansa ne, Ɗayyabu. Ranar da hutunsa ya ƙare zai koma bakin aikin soja, shi da kansa ya ce a sa masa gwarzonsa gadin ƙofa, a riƙe masa har ya dawo. Labarin mutuwar sojojin ya fara zuwa ta rediyo, adadi kawai aka faɗa. Bayan kwanaki wasu sojoji suka zo gida da jakarsa da takalmansa. Can aka binne su, su duka tare. Halilu ya zauna zaman makoki, ya karɓi gaisuwa, ya koma ɗinkin buhunan albasa a tasha. Bai yi kuka ba. Yana ta jira abin ya zo, bai zo ba.

Da ya jera yaƙin, ta can nesa ya fara, ta kusurwar da ta fi nisa da ƙofa.

Ya sake ɗaukar kofin. Badamasi ya sauko daga kan keken, ya zauna kusa da shi, ya zuba masa shayi.

"Ƙanena," in ji shi a hankali, "waken ga na Inna ne ko?"

"Nata ne. Ta ce yau in maido mata, za ta jiƙa."

"To."

Takama ya tashi zaune. Ya dubi ƙofar, ya dubi jan marfin, sai ya daina tauna.

"In kana so a ɗauke shi a aje gehe," in ji Takama, "ba wanda zai ce komi."

"Shi ya ce a sa shi nan," in ji Halilu.

Wata babbar mota ta wuce da lodin siminti daga Malbaza, tabarmar ta ɗan girgiza, wake biyu suka gangaro daga kan bulo. Halilu ya mayar da su. Sannan ya sa gefen hannu ya fara raba rundunonin, tari nan, tari can, yadda Hafiz ya ce. Bai daɗe ba ya gama.

"Sun taso ta gabas," in ji shi. Muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. "Ƙura ta rufe rana. Takama, suna ƙarƙashinka."

Takama ya ce zai sa a zubo musu tafasasshen ruwa. Ya kaɗa, shida ta fito, ya kwashe gyaɗa cike da hannu. Bai ci ba, a kwano ya zuba. Badamasi ya fita da mutanensa ta bayan gari, uku ta fito. Halilu ya share tarinsu gaba ɗaya da tafin hannu, suka zube a kwano da ƙara kamar ruwan sama a kan kwanon rufi. Ya tsaya yana kallon wurin da suke a da. Ba ko ɗaya da ya ba wa suna. Sauƙin abin ne ya ba shi mamaki.

Haka aka yi ta yi, tabarma tana buɗewa, har ya rage ƙofa.

"Sarkin Ƙaya ya tara sauran mutanensa, sun nufo ƙofa," in ji Halilu.

Ya saka ɗan lidon a kofi, ya rufe da tafin hannu, ya kaɗa. Bai ji komai ba, sai sanyin gilashin. Ya kife, ya ɗaga.

Biyar.

"Ƙofa ta tsaya," in ji Badamasi.

Halilu ya kwashe sauran gyaɗar. Gari ya tsira. Jan marfin yana nan inda yake, waken da ke kewaye da shi ko ɗaya bai taɓu ba.

A al'adar wasan, in an gama faɗa, mai labari yakan bi gwarzayen da suka rayu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da nasa zai yi. Takama ya ce nasa zai sauko ya nemi fura, ƙafafunsa sun sage da tsayuwa. Badamasi ya ce nasa zai je neman gawawwakin mutanensa. Sai layi ya zo kan jan marfi. Bakin Halilu ya riga shi.

"Yaya, kai fa?"

Ana jin gawayi yana ƙara a murhu. Takama ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalminsa. Daga masallacin tasha wani ya fara gwada lasifika.

Halilu ya jira gwargwadon yadda ake jiran mai magana. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki marfin.

"Ya miƙa gadi ga wani," in ji shi. "Ya tafi gida."

"Madalla," in ji Badamasi.

Suka tsince gyaɗar daga cikin waken, suka naɗe tabarma. Takama ya tambaya ko gobe akwai wasa, Halilu ya ce akwai, Sarkin Ƙaya bai mutu ba, gudu ya yi. Takama ya ce zai biya ya ɗauko Alkasum. Ya ce kuma Halilu ya hau babur ya sauke shi gida, Halilu ya ce zai taka.

Ya bi ta bayan kasuwa da kwanon wake a hannun hagu, marfin a dunƙule a hannun dama. A ƙofar gida ya yi sallama. Inna ta amsa daga madafa, ta ce ya kawo waken nan kafin duhu ya yi.

Halilu ya ɗage labulen buhun da ke ƙofar zaure. Ya ɗan ja gefe ya tsaya, yadda yake yi in sun dawo tare da Ɗayyabu, don babba ke fara shiga. Sannan ya bi baya.