Faifan Shinkafar Nuriyya

Nuriyya tana da shekara bakwai lokacin da aka yi wa babanta Sirajo canjin wurin aiki daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, suka kama gida a unguwar Badariya. Ba ta cika magana ba. Ba ta kallon mutum cikin ido, kuma ƙara mai ƙarfi na firgita ta. Likita ya ce otizim ne, wato haka ƙwaƙwalwarta take, ba aljanu ba ne kamar yadda dangi ke faɗi. Makarantu biyu a Argungu sun maido ta gida, ɗaya bayan kwana huɗu kacal.

Mahaifiyarta Laure ta kai ta wata ƙaramar firamare a unguwar Nasarawa ba tare da sa rai ba. Shugabar makarantar, Malama Ummu Hani, ta saurari bayani, ta rubuta sunan yarinyar.

A rana ta biyu aka bugo wa Laure waya. An kaɗa ƙararrawar tara, Nuriyya ta ƙwalla ƙara ta shige ƙarƙashin benci, da malamar aji ta jawo ta sai ta cije ta a hannu. Laure ta zura hijabi ta tari keke napep, tana shirya kalmomin ban haƙuri a hanya.

"Malama, ku yahe mana. Zan tahi da ita."

"Ki tahi da ita ina? Zamna tukun," in ji Ummu Hani. "In ta rikice a gida, mi ka kwantar mata da hankali?"

Laure ta zauna. Ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba.

"Tsintar shinkahwa," ta ce daga baya, cikin jin kunya. "In na ba ta faifai, sai ta hidda tsakuwa ɗai-ɗai. Ta hi ni iyawa."

"To gobe ki taho da faifan."

Aka ajiye faifan a bayan aji, kusa da taga. Malamar ajin, Mansura, wadda har yanzu shatin haƙora ke hannunta, ta fara koya wa Nuriyya ƙirga da tsakuwoyin da take fitarwa. Maigadin makarantar kuma aka ce ya riƙa leƙowa ya ɗaga mata hannu kafin ya kaɗa ƙararrawa, don ta toshe kunnuwa.

Ba kowa ya ji daɗi ba. A taron iyaye wani mai suna Munzali ya miƙe ya ce ɗansa ya koyi kaɗa hannuwa irin na yarinyar, a kai ta inda ake kai irinta. Laure ta sunkuyar da kai.

"Alhaji, ɗanka ya kwaikwayi abin da ya gani, zai bari," in ji Ummu Hani. "Amma ɗiyag ga ɗalibata ce. Ba ni korar ta."

Munzali ya cire ɗansa a makon. Wasu biyu suka bi shi. Laure ta je ofis ta ce ba ta son a yi asara saboda ita, shugabar ta ce ta je gida ta huta.

Akwai ranakun da Nuriyya ba ta yi komai ba sai kuka. Amma wata yarinya, Hanifa, ta ɗauki al'adar zama kusa da ita suna tsinta tare, ba mai ce wa kowa komai.

Wata Laraba a zango na uku, Laure na kwashe tuwo, Nuriyya ta tsaya a ƙofar madafa tana kallon bango.

"Hanifa ba ta zo ba," ta ce.

Laure ta ajiye mara. Kalma biyar a jere, kuma a kan wani mutum. Ta kira Mansura a waya, ta yi ta godiya. A nan ta ji cewa zazzaɓi ne ya kwantar da Hanifa.

Da la'asar Sirajo ya ɗauke su a babur, da ledar lemu. Mahaifiyar Hanifa ta shimfiɗa musu tabarma. Nuriyya ta wuce kowa ba gaisuwa, ta je ta zauna a gefen katifar ƙawarta, ta ɗora mata lemu ɗaya a tafin hannu.