Kyankyasai a Kabad ɗin Mardiya

Memunatu ta sauka daga trotro, motar hayar da ta ɗauko ta daga unguwar Madina, da ƙunshin ganyen darbejiya a ka, ga kanwa a jaka, ta shiga lungun Maamobi tana tattare zani kada ya taɓa ruwan gwata. Autarta Mardiya ce ta haihu, namiji, haihuwar fari. Da a gaban uwa za a yi wankan jego yadda aka saba, to mai gidan hayarsu na Madina ya kware rufin kwano ya tafi ya bar su da sama a buɗe. Dole uwa ta biyo 'ya.

Wanda bai san Memunatu ba, bari a gaya masa. Mace ce da sai ta wanke sabulu kafin ta wanke hannu da shi. In kin ba ta ruwa a kofi, sai ta ɗaga kofin ta haska a rana tukuna. Haka ta raini 'ya'yanta, kuma da haka take taƙama a duk taron mata.

Tana ɗaga labulen ɗakin wani wari ya tare ta, warin tsohuwar roba da laima da fitsarin ɓera. Ta bi warin da hanci har gaban kabad ɗin gilashi, wanda ita da kanta ta saya wa Mardiya lokacin biki ta cika shi da faranti da kuloli. Babu faranti ko ɗaya. Wasu akwatuna ne a jere, baƙaƙe da masu ruwan toka da waɗanda suka yi ruwan ɗorawa kamar haƙoran mai cin goro, kowanne da wayoyi a naɗe a gefensa.

Ko jaririn ba ta ɗauka ba ta ce, "Mardiya, ina kwanukan?"

"Suna ƙarƙashin gado, Mma."

"Waɗannan fa? Rediyo ne suka mutu aka kawo miki gawa?"

"Gem ne na dā, na wasa a talabijin. Na maigidan ne, tarawa yake yi."

"Yana sayarwa?"

"A'a. Tarawa kawai."

"Ya tara ya yi me da su?"

Mardiya ta gyara wa jariri nono ta ce, "Ya kalla."

Maigidan, Basit ke nan, yana da ɗan shagon caja da murfin waya a Kawukudi. Yaro ne mai salla, ba sigari ba yawon banza, wannan kam ba za a ci haƙƙinsa ba. Ciwonsa ɗaya. In ya ji 'yan kondem, masu tura amalanke suna sayen matattun kayan wuta, to ko alwala yake sai ya bi su. Ya tono wani abu daga ƙarƙashin matattun fankoki da tukwanen gas, ya goge da rigarsa, ya rungume kamar ya tsinci ɗan'uwansa. Wai wannan Sega, wannan Atari, wancan ya girme shi a duniya. Wai yana yaro a bakin taga yake tsayawa a shagon gem na Nima yana kallon 'ya'yan masu hali suna dannawa, shi ya sa ya rantse sai ya mallaki kowanne. To, ya mallaka. Har da abin da ke zaune a cikinsu.

Ga kuma inda matsalar take. Memunatu suruka ce ta irin dā. Tunda aka ɗaura auren ba ta taɓa kama sunan Basit a bakinta ba, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kallon tsakiyar idonsa. Shi ma in ya shigo sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida tabarma. Ba hanyar da za ta ce masa kwashe sharar nan.

Da la'asar ya dawo da wani sabo a leda, taɓo a bushe a jikinsa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya zauna gaban talabijin ya jona wayoyi. Ya cusa kaset, abu ya ƙi. Ya zare, ya kai baki ya hura, fuuu. Ya ƙi. Sai ya lashi ɗan yatsa ya goga a bakin kaset ɗin, ya sake lasa ya sake gogawa. Memunatu tana zaune a kan tabarma tana kallo ta gefen mayafi. Abin da ya kwana a bola! Abin da Allah kaɗai ya san karen da ya ɗaga masa ƙafa! Talabijin ta yi wata ƙara, wasu 'yan dodanni suka fara tsalle, Basit ya washe baki, ya juya ya ɗauki jaririn ya manna masa wannan bakin a goshi.

Ba ta gama haɗiye wannan ba sai ga gashin baki biyu suna leƙowa daga ramin kaset. Kyankyaso ne, ƙato, ja, mai sheƙi. Ya fito a tsanake, ya bi waya ya sauka, ya ratsa ta gefen kwanon kunun kanwar mai jego ya shige bayan kabad kamar mai komawa ɗakinsa.

Memunatu ta karɓi jikanta, ta goge masa goshi da ruwan ɗumi har ya yi ja. Ta dube shi ta ce, "Angona, kai da ka zo jiya, ashe da baƙi ka tarar a gidanku. Ka gaya wa ubanka ɗakin nan ya yi mana kaɗan, mu da su."

Basit ya sunkuyar da kai. Shi ma ya dubi jaririn ya ce, "Yaro, ka ba kakarka haƙuri. Ba a fesa magani da jinjiri a ɗaki. Bayan suna zan buɗe su ɗaya bayan ɗaya in share da burushi."

"Angona, ka ce masa akwai tsakar gida."

"Yaro, ka ce mata laima na kashe su. Kuma gidan haya ne, hannu ya yi yawa."

Jaririn ya yi gyatsa.

Bayan suna! Ai ranar sunan ce ke hana Memunatu cin abinci. Ranar ce duk matan Maamobi da na Nima, da gwaggwannin Basit, da 'yan Madina da ta gayyato da bakinta, za su cika ɗakin nan. Kuma mata ba jariri kaɗai suke zuwa gani ba. Suna cewa masha Allah, ido yana ƙarƙashin gado. Kyankyaso ɗaya ya bi ta kan zanin goyo, shi ke nan, Mardiya ta zama ƙazama har ta tsufa. Ba wanda zai ce miji ne. Ba a taɓa ce wa namiji ƙazami a unguwar nan ba, ƙazantar ɗaki ta mace ce, daga ita sai uwar da ta raine ta.

Da safe Basit na fita, ta buɗe kabad ɗin ta ɗaga akwati ɗaya da bakin zani ta girgiza. Wani abu ya zubo kamar garin barkono baƙi, da ƙwayaye masu kama da wake, da ɓawon fukafukai. Ta fita da gudu ta tofar da yawu a gwata, ta yi ta kurkure baki kamar ita ta lasa.

Ana gobe suna Basit ya tafi sayen rago. Tsakar gida ta cika da matan gidan da na maƙwabta, ana tsintar shinkafa a manyan faranti, ana yanka albasa. Shugabar aikin Alima ce mai sayar da wakye, shinkafa da wake, wadda in ta ga abu da hantsi, kafin azahar an ji a Zongo Lane. Memunatu ta gama yi wa Mardiya wanka, ga sauran ruwan jego a ƙatuwar tukunya yana tafasa da ganye a kan gawayi. Sai dabara ta zo mata. Da ruwan zafi take kashe kuɗin cizo a gadon katako, da shi take wanke turmi, da shi take gasa mai jego har ta miƙe. Wane ne kyankyaso?

Mardiya ta ga tana jera akwatunan a babban baho ta ce, "Mma, don Allah. Zai haukace."

"Ya haukace da tsabta. Kwanta."

Ta rufe bahon da tsohon zani ta ɗauko. Niyyarta ta shige banɗaki ta yi aikinta ba wanda ya gani. To banɗakin ɗaya ne a gidan, kuma wani tsoho ɗan haya ya shiga da butarsa da rediyonsa, ba ranar fitowa. Baho da nauyi, ruwa yana hucewa. Ta dire shi a kusurwa kusa da rariya, ta juya wa mata baya.

Alima ta ce, "Hajiya, me aka rufe haka? Kazar mai jego ce ake ɓoye mana?"

"Tsummokaran jariri ne."

Ta ɗebo ruwa cike da bokiti ta sheƙa ta kan zanin.

Wayyo. Ashe na ƙasa kaɗai ruwan ya dafa. Zanin ya fara motsi da kansa. Sai ga su ta ko'ina, manya da ƙanana da farare waɗanda ba su taɓa ganin rana ba, da uwaye masu jan ƙwai a gindi. Wasu suka bi bango, wasu suka tashi sama, rundunar kuma ta nufi inda mata suke zaune. Suka hau farantin shinkafa suka yi fareti a kai. Wata ta yar da wuƙa ta haye benci. Ɗaya ya tashi ya faɗa wa Alima a wuyan riga, ta yi ta tsalle tana dukan ƙirjinta tana kiran uwarta da yaren Twi. Ga wani baƙin ruwa yana kwarara daga bahon, da gawawwaki a kai, da wari irin wanda ba shi da suna. Tsohon da ke banɗaki ya leƙo ya koma.

Da ƙura ta ɗan lafa, Alima ta zaro mushen daga rigarta ta riƙe shi ta ƙafa. Ta dubi bahon, ta dubi Memunatu.

"Hajiya, wannan daga wane ɗaki ya fito? Ba daga ɗakin mai jego ba?"

Duk idanu suka koma ƙofar ɗakin, inda Mardiya ke tsaye da ɗanta a kafaɗa, fuska ta yi fari. Memunatu ta ga leɓen Alima ya fara tattarowa. Ta san kalmar da ke zuwa, ta kuma san in ta fito ba mai mayar da ita.

Daidai nan Basit ya shigo yana jan rago.

"Basit!"

Kowa ya waiwayo, har ragon ya tsaya.

"Kai nake kira, Abdul-Basit! Zo ka ga dukiyarka!" Memunatu ta yaye zanin ta jefar. Tana kallonsa ido cikin ido, mayafi ya zame ba ta gyara ba. "Ku duba, jama'a, ku shaida. Na kawo 'yata da faranti masu ɗaukar ido, ya tura su ƙarƙashin gado ya jera bola a gilashi. Yarinyar nan tana shara tana guga, shi yana kwaso mata daga amalanken 'yan kondem. Yana lasa! Da idona na gani, yana lasa ya sumbaci jariri!"

Wata ta ce, "A'uzubillahi."

Alima ta saki kyankyason. Labari mafi daɗi ya samu. "Ni ma na gan shi ran Juma'a, da farar jallabiya yana bin amalanke a guje. Na ɗauka sata aka yi masa. Kai Basit, ashe kai ne ke mana kiwo a gidan nan? Wallahi Mardiya tana haƙuri sosai paa."

Basit ya ja ragon gefe. Ya ɗaure ragon, ya tsuguna gaban bahon, ya ɗago wani mai ruwan toka. Ruwa ya tsiyaye daga cikinsa, takardar jikinsa ta saɓule ta manne masa a yatsa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Allah ya ba da haƙuri, Mma." Ya kwashe su a gaban rigarsa ya hau da su rufin kwano ya shanya, ya zauna can a rana tare da su.

Ranar suna ɗaki ya cika. Faranti sun koma kabad suna walƙiya, Memunatu ta wanke kowanne har hannunta ya yi fari. Mata suka leƙa ƙarƙashin gado ba su samu komai ba. Duk wadda ta zo sai ta dafa Mardiya ta ce sannu da fama, yarinya mai tsabta an haɗa ta da ɗan bola.

Amma a tsakar gida ba maganar kyankyaso ake ba. Maganar ita ce Memunatu ta Madina, mai koya wa mutane kunya, ta tsaya kai ba mayafi ta ƙwala wa surukinta kira da cikakken suna kamar mai kiran mai tallan ƙosai. Gwaggwannin Basit suka amsa gaisuwarta da hanci. 'Yan Madina da ta gayyato su ma suka ji, suna ta taɓa juna da gwiwar hannu. Ta zauna a kan tabarma ta haɗe rai, ta bar su su ci namanta.

Alima ta zo da faranti cike da shinkafa da naman rago ta ajiye a gabanta.

"Ci mana, Hajiya. An wanke ta sosai fa."

Memunatu ta dubi shinkafar. Akwai wani ɗan abu ja a gefe, ƙila albasa ce ta soyu. Ta ture farantin da bayan hannu ta ce a miƙo mata ruwan leda, wanda ba a fasa ba.