Mitar Yaya da Ƙwan Auta

Saura kwana uku ƙwai ɗari biyu su ƙyanƙyashe, injin ƙyanƙyasar Auta ya ɗauke ɗif da sassafe. Ta lulluɓe ƙwan da barguna, ta jera kwalaben ruwan zafi a gefensu, ta kwance allon da ke sarrafa ɗumin injin, ta nufi shagon yayanta da sauri kamar za ta tashi sama.

Yayan nan nata mai gyaran kayan wuta ne, shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ya kuma sa aka rubuta a ƙofa da jan fenti. Takardar shaidarsa na rataye a bango, ta fi teburin aikin samun goga. Duk wanda bai san sunan kafasita ba, ’yar abar nan da ke riƙe wuta a cikin na’ura, a wurinsa bai gama zama mutum ba.

“Yaya, don Allah ka hanzarta. Ƙwan sanyi suke yi.”

“Ke dai kaji kika sani. Zauna can, kada numfashinki ya watsa mini kaya.”

Ya ɗora allon a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. A kansa akwai kafasitoci jere, ƙanana ruwan ƙasa, ko ƙwayar shinkafa ta fi su. Ya kafa tsinkaye biyu na mitarsa ta awon wuta a gefen ta farko, mita ta yi ƙiii. Ya buga tebur.

“Na kama ɓarauniya!”

Ya narkar da dalma, ya tsince ta da matsefata, ya auna ta ita kaɗai. Lafiyarta ƙalau. Ya auna ta biyu a kan allon, ita ma ƙiii, ya cire ta, ita ma garau. Ko Auta da bai ɗauka a bakin komai ba ta gane zancen: layi ɗaya ya haɗa su duka, in ɗaya ta lalace, a kan kowacce mita kuka za ta yi. Amma Injiniya ya ci gaba da tsinta yana zubawa a murfin kwalba, yana tsayawa yi wa masu wucewa bayanin yadda aikin ke buƙatar ilimi.

Rana ta yi tsaka, murfi ya karɓi kafasita goma sha ɗaya marasa laifi. Hankalin Auta duk yana kan bargunan nan da kwalaben da suka huce tuntuni.

“Yaya, ba ka ce wadda ta lalace wuta take sha ba? To ai za ta yi zafi. Ka ba allon ’yar wuta mu taɓa mu ji.”

Ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. “Ka ji mai kaji! Yatsa ya zama mita ke nan? Shekarun da na yi ina karatu, ashe da akurki na shiga!”

Sai da ƙarfe uku ta gota, mita ta ishe shi da kuka, sannan ya jona wa allon ’yar wutar batir, wai don ya kunyata ta kowa ya huta. Auta ta bi allon da bayan ɗan ƙaramin yatsanta a hankali, yadda take bin tiren ƙwai kullum safe. A can lungu zafi ya sa ta janye hannu.

“Wannan ce.”

Ya cire ta yana tsaki, ya sake auna allon. Mita ta yi tsit.

“Dama ita nake shirin zuwa,” in ji shi, ko kunya babu.

Saura mayar da goma sha ɗayan. Sun cakuɗe a murfi, ba rubutu a jikinsu, bai kuma lura da gurbin kowacce ba. Biyu ma sun yi tsalle sun ɓace a ƙurar ƙasan tebur. Injiniya guda ya durƙusa yana lalube da tocilan. Injin bai dawo aiki ba sai dab da faɗuwar rana.

Ranar ƙyanƙyasa, ’yan tsaki ashirin da uku suka fito. Auta ta fasa ɗaya daga cikin sauran ƙwan, ta ga ɗan tsako cikakke, da gashinsa da bakinsa, a dunƙule. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta.

Washegari ta tarar da shi ya tara mutane a ƙofar shago, yana ba su labarin yadda ya ceto injin ƙanwarsa. Ta ratsa su, ta ture gilashin gefe, ta jibge masa tire shida na ƙwan da ba su ƙyanƙyashe ba a kan tebur.

“Ga su nan, Yaya, ɗari da saba’in da shida. Sa musu mitarka, ka faɗa wa mutanen nan wanne ne mai laifi.”