Saje Japhet Ba Ya Ɗaga Hannu

In babu kowa kusa, Saje Japhet zai yarda cewa yana tsoron allura. Matsalar ita ce a Zuru kullum akwai wani kusa, kuma rabinsu tsofaffin soja ne irinsa, masu dogon baki.

Mako uku haƙori yana cinsa. Ya sa kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya gwada burkutu har sau biyu don tabbatarwa. Da kumatu ya kumbura, matarsa Saloma ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likitar haƙorin, wata yarinya mai suna Leah, ta kwantar da kujera.

"Baba, in ka ji zafi ka ɗaga hannu, zan tsaya."

"Ɗiyata, shekara talatin ina aikin soja. Ko a Laberiya ban ɗaga wa kowa hannu ba."

"A gida dai kuka yake yi mini," in ji Saloma.

"Tari ne."

Leah ta dubi ƙafarsa. Yatsun sun dunƙule cikin takalmi kamar za su gudu su bar shi. Sai ta ce, "Mama, don Allah ki jira a waje, ɗakin ya yi mana kaɗan."

Da ƙofa ta rufe, ta rage murya. "Saje, a ɗakin nan wa ke da babban muƙami?"

Ya yi nazari. "Ke ce."

"To kada ka ɗaga hannu. In kana so in tsaya, ka sara mini."

Wannan kam ba abin kunya ba ne, ladabin aiki ne. Ta kusanto da ƙarfe, ya sara. Ta tsaya, ta tambaye shi yadda ya yi noman golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai, kafin a ba shi Saloma. Ya ba ta labarin shekara bakwai, ya ƙara biyu daga aljihunsa. Ta koma, ya sake sarawa. Sau goma sha ɗaya ya sara, ba ta yi ko murmushi ba.

Ya fito ƙirji a gaba.

"Yaya?" in ji Saloma.

"Ko gezau. Tambayi yarinyar, na ɗaga hannu?"

"Bai ɗaga ba, Mama," in ji Leah.

Dubawa kawai aka yi da ɗan madubi. Ranar Alhamis za a cire haƙorin.