Ranar da Giwa ta sha ruwa

Har yau in Gambo ya miƙo hannu zai gaishe ni, sai na tuna wa kaina cewa ciki ɗaya muka fito kafin in iya karɓa. Ƙanena ne, kuma shi ya kashe Giwa.

Giwa ita ce kamiyon, wato babbar motar kaya, da Baba ya bar mana. Tsohuwa ce, ta girmi Gambo nesa ba kusa ba. Da ita Baba ya yi jigilar gero da wake tsakanin Madarunfa da Ɗan Issa har ƙarfinsa ya ƙare. Innarmu idonta ya yi rauni, amma kunnenta ras yake. Tun motar tana bakin tafki take jin kukanta, ta ce a sauke tuwo. Bayan rasuwar Baba ma ba ta daina ba. Ta taɓa ce mini in ta ji wannan kuka, sai ta ga kamar maigidanta ne zai yi sallama.

Ni ina tuƙin tanka a Agadas, don haka makulli ya zauna a hannun Gambo. Da na zo gida tsakiyar damina, ko ruwa ban gama sha ba Inna ta ce, "Ilyasu, mi anka yi ma Giwa? Muryatta ta sake."

Na fita na sami Gambo yana goge madubi yana fito. Na tambaye shi.

"Yaya, hiltar iska na sake mata," in ji shi, baki har kunne. "Ta zamani, Ɗan Issa na samo ta. Waccan matatar ta Baba shaƙe inji takai. Ji yadda taka numhwashi yanzu!"

Ya tashe ta ya taka, ta yi wani gurnani har kajin maƙwabta suka watse. Na ɗaga kai na dubi dogon bututun da ke bayan kan motar, wanda Baba yake kira hanci. Ta nan sama take shan iska, shi ya sa take ratsa ruwa ba fargaba. Yana nan tsaye, har Gambo ya ɗaura masa jan ƙyalle don ado.

"Hancin dai na nan lahiya?"

"Ga shi kana gani," ya ce.

Wannan amsar ce ba zan yafe ba. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, ya bar ni da idona.

Washegari muka kama hanyar Safo ɗauko dawa, motar ba kaya. An kwana ana ruwa, koramar da ke kan hanya ta kawo. A bakinta akwai wata ƙirya da Baba ya sassara da adda tun muna yara. Dokarsa ɗaya ce: in ruwa bai kai saran ba, Giwa za ta wuce; in ya taɓa, a shimfiɗa tabarma a jira. Duk gidanmu ba mai musu da wannan shaida. Na duba, saura wajen taƙi guda ruwan ya kai. Na naɗe wando na shiga ina taka ƙasa ko akwai rami, na haye, na ɗaga wa Gambo hannu. Ni da hannuna na kira shi, abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan.

Ya shigo da gurnaninsa, ruwa ya taru a gaban motar. Tana kaiwa tsakiya ta yi tari sau ɗaya, ta mutu.

Na san irin wannan tari: inji ya haɗiyi ruwa. Amma ko a haka akwai sauran dabara. A fitar da ita, a kwance injin, a zubar da ruwan, a sake mai, ta tashi. Abu ɗaya ne haram, a juya injin. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, in aka tilasta ƙarfe ne zai ba da hanya.

A waccan gaɓar akwai manoma da masu amalanken jaki suna jiran ruwa ya janye. Mutanen kirki, Allah ya saka musu. Ba wanda ya roƙe su, suka tuɓe riguna suka faɗo, suka sa kafaɗa suna salati. Giwa ta fara motsi. Har na ce alhamdu lillahi, sai na ga Gambo ya leƙo ta taga.

"Ku ƙara mata gudu! In ta hau tudu ni ba ta giya, tashi za ta yi!"

"Gambo! Kar ka sa giya! Gambo!"

Ina! Ga ƙugin ruwa, ga ihun masu turi, wa zai ji ni? Na ruga ina ɗaga hannuwa, shi kuwa ya zaci ƙarfafa shi nake, har da ɗaga mini yatsa. Ƙafafun gaba na hawa tudu ya sa giya, ya ɗaga ƙafarsa daga kan kuloci.

Ƙara ɗaya ta yi, kamar an fasa tukunyar ƙarfe da taɓarya. Masu turi suka yi karo da bayanta. Baƙin mai ya fara malala a kan yashi.

Na kwanta a cikin laka na leƙa. Hannun fistan, wani sandan ƙarfe na can ciki, ya fasa cikin injin ya fito, ramin har dunƙulen hannuna zai shiga. Sannan na ga hiltar zamanin, wata jar aba an ɗaure ta da waya a bayan ƙarfen gaba, ko gwiwata ba ta kai ba, ta jiƙe sharkaf kamar soso. Hancin Baba kuwa an yanke shi daga ƙasa, an cusa tsumma.

Na tashi na nuna wa Gambo ita. "Mine ne wanga?"

"Ba ta shiga akwatin tsohuwar hiltar ba, Yaya. Mai shagon ya ce ko'ina anka ɗaura ta daidai na." Ya nuna ƙiryar. "Kuma ai ruwan bai kai shaidar Baba ba."

"Baba da dogon hanci ya auna ruwan nan, sakarai! Ka sauke mata hanci ƙasa, sannan ka zo kana duban itace?"

Na ɗaga hannu, wani dattijo ya riƙe ni. "Haƙuri, ɗana, ƙarhe na." Na sauke hannun don furfurarsa. Ƙarfe! Irin injin nan an daina shi tun Gambo yana rarrafe, ko a Maraɗi sai dai a ba ka labari.

Tarakta ce ta jawo mu, ta sauke mu a bakin titi bayan la'asar, don lungunmu ba ya ɗaukar biyu. Samarin unguwa suka tura ta har ƙofar gida, inda take kwana kullum. Ko kaza ba ta tashi ba.

Na shiga. Inna tana kan tabarma a tsakar gida, ta karkata kunne wajen hanyar tafki, tukunya tana kan murhu.

"Ilyasu, kai na? Ƙasa ka taho?" Ta juya wajen matata. "Mariama, bar tuwon bisa wuta tukuna. Giwa ba ta iso ba."

Na koma zaure. Gambo yana raɓe da bango, makulli a hannunsa. Na kama wuyan rigarsa na tura shi ciki.

"Tahi ka hwaɗa mata da bakinka."