Tururuwa a Cikin Nono

Gwaggo Indo ta saki tururuwar cikin ludayi, ta tsuguna tana kallo. Nonon surukarta Gumsu ne a ciki, wanda aka sa ta tatsa a gaban matan gida, bayan sun ture tattasan da ke shanya don su sami wurin zama. In tururuwa ta mutu, nonon mai dafi ne, yau za a raba Gumsu da ɗanta Kolo. Jaririn na goye, bakinsa fari fat, yana irin tarin da ya tafi da yayyensa biyu tun ba su iya zama ba.

* * *

Shekaranjiya, a asibitin Diffa, likita ta shimfiɗa takardar gwajin jinin da aka aika waje wata biyu da suka wuce.

"Kullum tsofaffin ƙwayoyin jiki na rushewa," in ji ta. "Akwai sinadarin da ke niƙe tarkacensu, Kolo bai da shi. Tarkacen ke taruwa ya kashe ƙwayoyin da ke gadin jiki, sai kowace cuta ta shigo ba sallama."

"Nonona ne, Madam?"

"Nononki ne 'yar garkuwar da ta rage masa, kada ki cire shi. Gado ne, rabi naki, rabi na ubansa. Auren zumunci kuka yi?"

Zarami, mijinta kuma ɗan gwaggonta, ya naɗe takardar ya cusa aljihu. Da suka iso ƙofar gida a bakin kogin Komadugu, ya juyo gare ta.

"Kar Inna ta ji. Jinin gidanmu za ki zubar wa mutunci, har da na ubanki."

* * *

Tururuwar ta yi iyo, ta kama gefen ludayi, ta fito garau.

"Alhamdulillahi, Gwaggo, ta fito!" in ji Gumsu.

"Me kika sani, 'yar nan? Wannan ta gona ce, maganin feshi ma bai kashe ta ba. An riga an ɗaure wa yaro akuya, nononta zai sha."

Gumsu ta dubi zaure. Zarami na can yana ɗinke buhun tattasai, bakin takardar ya leƙo daga aljihunsa. Bai ɗago ba. Wa za ta kai wa ƙara? Katanga ɗaya ce tsakanin gidan nan da na ubanta.

Gwaggo ta murƙushe tururuwar da babban yatsa, ta shafe a zane.

"Ku nemo wata."

Nono ya jiƙe gaban rigar Gumsu. A bayanta, Kolo na tsotsar majanyi.