Hancin Fergus

Shekara talatin da takwas Fergus ya yi a gidan dafa giyar wiski na bakin kogin Spey a ƙasar Scotland, bai taɓa yarda da wani ma'auni ba sai hancinsa. Ya ɗaga murfi, ya shaƙa, ya faɗi ko tsimi ya kai. Da ƙarfi ya ja baya sai ya koma sabuwar masana'antar da ke cikin kwari, inda ake tsima dusar sha'ir da ragowar ruwan tukunyar wiski a fitar da man mota. Aikinsa duba ma'auni a allon na'ura ne kawai. Tsoho kuwa da taurin kai, ina allo zai ishe shi.

'Yarsa Ishbel ce ke jan tankar da ke kawo ragowar, kullum cikin ja masa kunne take.

"Baba, tankunan nan ba irin naku na katako ba ne. Iskar ciki ba ta sallama, shaƙa biyu ta kayar da ƙato."

"Ke da aka haifa jiya? Je ki ja motarki."

Ranar Talata da hantsi ta shigo masana'antar, ta tarar kujerarsa ba kowa, shayinsa na tururi. Ta ɗaga kai, sai ga murfin tanki na uku a buɗe, rabin jikin mahaifinta a ciki, ƙafafunsa ba motsi.

Tana tsakiyar tsani na'urar gargaɗin muguwar iska da ke wuyan rigarta ta fara ƙara. An sha gaya wa ma'aikata mai zuwa ceto shi ne gawa ta biyu. Duk da haka ba ta sauka ba. Ta cika ƙirji, ta riƙe numfashi, ta ƙarasa. Ta damƙi bel ɗinsa ta ja, nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu. Idonta ya fara ganin duhu. Ta sake ja, suka zube tare, ƙeyarsa ta bugi ƙarfe.

Da sauran kwana, ya tashi. Bayan sati biyu aka sallamo shi, yana ta mita wai abincin asibiti lami ne.

Washegari Ishbel ta ɗora kunu ta fita shanya, hira da maƙwabciya ta ɗauke mata hankali. Tun daga ƙofa ƙauri ya tare ta, tukunya ta ƙone ƙurmus. Fergus na zaune taku biyu daga murhu, ya ba shi baya, yana karanta jarida.

"Ishbel," ya ce, "yau ba za ki ɗora mana komai ba ne?"